TAKARDAR CINIKI DA AMANAR DA KE CIKINTA

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wani abu ne da ya faru da mu. Bayan damina ta ɗauke, jama'ar masallacinmu suka yi karo-karo domin a sake rufin da ke zuba. Aka wakilta mutum uku daga cikin kwamiti su je wani babban kanti su sayo kwano da siminti da ƙusa. Da aka gama ciniki, kaya suka tsaya a jika 500. Sai mai kantin ya dubi ma'ajinmu ya ce: "Alhaji, da takarda kuke so ko ba takarda? In ba takarda, kuɗin ke nan. In da takarda, sai an ɗora TVA, ya zama jika 595."

Nan take wakilanmu suka rabu. Ɗaya ya ce kuɗin nan na Allah ne, tsofaffi da marasa ƙarfi suka tara shi dala-dala, don me za a ba da jika 95 saboda ƴar takarda? Ɗaya kuma ya ce, in babu takarda, da wane baki za mu tsaya gaban jama'a ranar Juma'a mu yi masu bayanin inda kuɗinsu ya shiga? Suka komo ba su sayi kome ba. Bayan sallar isha'i muka zauna da malamanmu da wasu ƴan'uwa masu aikin lissafi, muka tattauna har dare ya yi nisa. Abin da muka fahimta a wannan zama shi ne muke so mu shimfiɗa a nan, domin tambayar da aka yi wa ma'ajinmu ana yin ta kullum a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai.

Mene ne TVA?

Malamai sun ce hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin abin. Saboda haka bari mu fara da sanin wannan haraji. TVA haraji ne da ake ɗorawa a kan saye da sayarwa. A ƙasar Faransa aka fara shi a shekarar 1954, ya shigo Nijar a shekarar 1986. A shekarar 1998 ƙasashen ƙungiyar UEMOA masu amfani da kuɗin sefa suka daidaita dokokinsu a kansa. Babban ma'auninsa a ƙasarmu shi ne kashi 19 cikin ɗari. A maƙwabciyarmu Najeriya, inda fatakenmu ke sarin kaya ta hanyar Jibiya da Katsina da Kano, an fara shi a 1994 da kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 7 da rabi a 2020. Akwai kayan da doka ta yafe wa wannan haraji, akwai kuma waɗanda ta sassauta wa. Ba kowane ɗan kasuwa ne aka ba ikon karɓarsa ba. Mai tebur, da mai ƙaramin shago da ke biyan patanti dunƙule sau ɗaya, ba sa cikin masu ɗora shi. Manyan kantuna da kamfanoni ne, waɗanda aka yi wa rajista a kan haka a ofishin haraji.

Ga yadda yake tafiya. Babban ɗan kasuwa ya sayar wa mai kanti kaya a jika 100, ya ɗora TVA jika 19, mai kanti ya biya jika 119. Mai kanti ya ɗora ribarsa ya sa wa kayan jika 120. TVA a kan jika 120 shi ne sefa 22,800, saboda haka mai saye na ƙarshe zai biya sefa 142,800. Idan lokacin biya ya yi, mai kanti zai cire jika 19 da ya riga ya biya wajen sari, ya kai wa baitulmali ragowar sefa 3,800. Duk wanda ya bi wannan lissafi a hankali zai ga abu biyu. Na farko, babban ɗan kasuwa da mai kanti babu wanda harajin ya fita daga aljihunsa, dukansa a kan mai saye na ƙarshe ya sauka. Na biyu, mai kanti ba zai iya cire waccan jika 19 ba sai da takardar da ta nuna ya biya ta. Ashe takarda ita ce igiyar da ta ɗaure lissafin tun daga farko har ƙarshe.

Wannan ne ya sa doka ta wajabta wa mai karɓar TVA ya ba da faktir, ya kuma rubuta a cikinta sunansa, da lambarsa ta haraji da ake kira NIF, da kwanan wata, da irin kayan da yawansu, da farashinsu kafin haraji, wanda ake sa wa alamar HT, da ma'aunin harajin da adadin kuɗinsa a layi na daban, sannan jimillar duka, wadda ake sa wa alamar TTC. A farkon shekarun 2020 hukumar haraji ta shigo da faktir mai fitowa daga na'ura, mai ɗauke da wani ɗan tambari mai kusurwa huɗu da ake iya karantawa da wayar salula domin a tabbatar da ingancinta.

Kuɗin wane ne?

Tambayar da ta buɗe mana hanya a wancan dare ita ce: jika 95 ɗin nan, idan ta shiga akwatin mai kanti, ta wane ce? Ba kuɗin kayansa ba ce, domin kuɗin kaya jika 500 ne. Ba ribarsa ba ce, domin ribarsa tana cikin jika 500. Kuɗi ne da ya karɓa daga hannun wani domin ya miƙa wa wani. Wanda yake a wannan matsayi, a harshen fiƙihu ɗan aike ne mai riƙe da amana. Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umurni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su, kuma hadisi ingantacce ya lissafa cin amana cikin alamomin munafuki.

Mai riƙe da amana kuwa, abu na farko da ke kansa shi ne ya raba ta da dukiyarsa. Dattawanmu da ake ba ajiya sun san haka: sukan ƙulle kuɗin ajiya a tsumma daban, su sa masa alama, don kada mutuwa ta zo magada su haɗa da gado. Layin da ake rubuta TVA daban a kan faktir, shi ne wannan ƙullin tsumma. Yana cewa: wannan nawa ne, wannan kuwa ba nawa ba ne, ajiya ce. Mai kantin da ya cakuɗa su wuri ɗaya ya rubuta jimilla kawai, ko da niyyarsa mai kyau ce, ya buɗe wa Shaiɗan ƙofa a kan kansa. Kuɗin da ba a raba ba, zuciya ba ta daɗewa sai ta fara ganin duka nata ne.

Bayyanawa a cikin ciniki

Musulunci ya gina ciniki a kan yarda, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Yarda kuwa ba ta tabbata sai da sani. Mutumin da bai san abin da ya biya ba, yardarsa gurguwa ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu hadisin da ke rataya albarkar ciniki a kan abu biyu, gaskiya da bayyanawa, ya kuma rataya shafewar albarka a kan ƙarya da ɓoyewa. Mu lura da kyau, an ambaci ɓoyewa daban da ƙarya. Mutum yana iya rufe bakinsa bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma albarkar cinikinsa ta tafi saboda abin da ya yi shiru a kansa. Haka nan Muslim ya ruwaito labarin mai sayar da abinci wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi a ƙasa. Mutumin bai ce abincinsa busasshe ne ba. Laifinsa shi ne ya bar jiƙaƙƙen a inda ido ba ya gani, kuma aka kira wannan algus.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun zurfafa a wannan babi ƙwarai. A cikin Muwaɗɗa, wajen bayanin cinikin murabaha, wato cinikin da mai sayarwa ke faɗin uwar kuɗi sannan ya ɗora riba sananniya, Imamu Malik ya rarrabe kashe-kashen da ɗan kasuwa ya yi a kan tufafi. Rini da ɗinki ana lissafa su cikin uwar kuɗi, a kuma ci riba a kansu. Kuɗin dako ana lissafa shi, amma ba a cin riba a kansa sai in an sanar da mai saye ya yarda. Ladan dillali da hayar ɗakin ajiya kuwa ba a sa su cikin lissafin. Imamu Malik ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira. Tun a wancan zamani malamai suke ganin cewa farashi yana da sassa, kuma idan ɗan kasuwa ya jingina farashinsa ga wani abin da ya kashe, dole ne ya faɗe shi yadda yake.

Gaskiya ne cewa yawancin cinikinmu na tayi ne, ba murabaha ba ne, kuma a cinikin tayi ba dole ba ne mai kaya ya faɗi nawa ya saro. Amma daga lokacin da ya buɗe baki ya ce "tsadar nan ta haraji ce," to ya jingina wani sashe na farashi ga abin da ba shi ne ya yanke ba, kuma mai saye ya daina tayi a kan wannan sashe domin ya gaskata shi. A nan hukuncin amana ya hau kansa. Sau nawa muka ji an ce "gwamnati ce ta ƙara" a kan kayan da doka ba ta ɗora wa kome ba? Sau nawa mai shagon da ba a ba shi ikon karɓar TVA ba ya ɗora ta a baki? Akwai kuma wanda ke lissafa kashi 19 a kan jimillar da haraji ya riga ya shiga cikinta: a kan sefa 119,000 sai ya ce harajin 22,610 ne, alhali 19,000 ne. Mutanen Madyana da aka aiko wa Annabi Shu'aibu, da waɗanda aka saukar da Suratul Muɗaffifina a kansu, mudu da sikeli suke tauyewa. Yau alƙalami ya zama mudu, kuma ana tauye shi kamar yadda ake tauye tiya a kasuwar hatsi.

Matsayin rubutu

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wani ɗan'uwa a zamanmu ya ce, ai ita wannan aya da kanta ta sauƙaƙe, ta ɗauke laifi daga waɗanda ba su rubuta cinikin hannu da hannu ba. Maganarsa gaskiya ce, kuma ba mu cewa mai sayar da goro ko tumatir sai ya rubuta wa kowa takarda. Sai dai cinikin da TVA ta shiga cikinsa bai ƙare hannu da hannu ba. Tsakanin mai saye da mai kanti an rabu, amma an bar bashi a wuyan mai kanti, wanda zai biya wani na uku bayan kwanaki. Wannan bashi mai ajali shi ne irin abin da ayar ta yi umurni a rubuta, ta kuma faɗi hikimar yin haka: ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi kawar da shakka.

Akwai kuma abin koyi daga magabata. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, a littafin zakka, wasiƙar da Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi mulki daga shekara ta 99 zuwa ta 101 bayan hijira, ya aika wa Zuraiƙu ɗan Hayyana, ma'aikacinsa mai kula da mashigar Masar. Ya yanke masa abin da zai karɓa daga fatake, dinari ɗaya cikin arba'in daga Musulmi, ɗaya cikin ashirin daga waɗanda ke ƙarƙashin amanar Musulmi, sannan ya umurce shi ya rubuta takardar abin da ya karɓa, mai aiki har shekara ta zagayo. Abin da aka karɓa a can zakka ce da ushira, ba TVA ba ce, kuma ba mu daidaita su. Darasin da muke ɗauka shi ne, halifan da aka fi yabo da adalci bayan Halifofi Shiryayyu bai yarda a karɓi kuɗin mutum da sunan hukuma ba tare da an ba shi shaida a hannu ba.

"Ai harajin kansa zalunci ne"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi da aka kawo a zamanmu, kuma ba za mu tsallake ta ba. Wasu ƴan'uwa suna cewa abin da Allah Ya wajabta a dukiya zakka ce, duk wani abin da hukuma ta ɗora a kasuwa shi ne makasu, wanda hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan matar nan ta ƙabilar Gamid ya nuna girman zunubin mai karɓarsa. Suna kuma tuna mana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a shekarar 1754, ya soki sarakunan zamaninsa a kan jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwacewa a kasuwanni.

Wasu manyan malamai kuma, kamar Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, wanda Bamalike ne, sun halatta wa shugaba adili ya ɗora wa masu hali wani abu idan baitulmali ya kasa ɗaukar buƙatun jama'a na dole, bisa sharaɗin a tsaya ga gwargwadon buƙata, a kuma kashe shi inda ya dace. A wajensu makasu shi ne abin da aka karɓa ba bisa haƙƙi ba, aka kashe ba bisa haƙƙi ba. Wannan saɓani tsoho ne, kuma ba a wannan ƴar takarda za a yanke shi ba.

Amma ga abin da muka lura da shi. Mai kantin da ya karɓi TVA daga mai saye sannan ya riƙe ta, babu mafita gare shi a kowane ɗaya daga cikin ra'ayoyin biyu. In harajin halal ne, ya ci amanar baitulmali. In haramun ne, to shi ne ya karɓe shi da hannunsa, ya kuma ci shi da bakinsa, ya zama mai makasu na kansa. Wanda ya yi imani da gaske cewa kuɗin zalunci ne, ba zai sa shi cikin tukunyar iyalinsa ba.

Saura mas'ala mai wuya, irin tamu: mai kanti ya ce zai yafe harajin gaba ɗaya in an yafe takarda. A zahiri babu wanda aka cuta, mai saye ma ya samu sauƙi. Da muka duba da kyau sai muka ga abubuwa huɗu. Na ɗaya, kayan da ya fita ba takarda, dole mai kanti ya ɓoye shi a cikin bayanin da yake sa wa hannu ya kai ofishin haraji, wato dole ya rubuta ƙarya, mu kuma mun taimake shi a kanta. Na biyu, maƙwabcinsa mai gaskiya da ke ba kowa faktir zai zama mai tsada a idon jama'a, kasuwarsa ta mutu saboda gaskiyarsa. Na uku, ranar da masu bincike suka zo, hanyar da aka saba bi a rufe irin wannan rami ita ce cin hanci, wanda aka la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Na huɗu, ba mu da tabbacin an yafe harajin da gaske. Wa ya sani ko yana cikin jika 500 tun farko? Idan kuma kwanon ya fito da aibi, da me za mu koma? Sauƙin da sai an bi ta kan ƙarya da cutar maƙwabci da cin hanci kafin a kai gare shi, ba mu ga ya dace da rufin ɗakin Allah ba. Wanda ke ganin harajin ya yi nauyi, ƙofar faɗin haka a fili a buɗe take, kuma ta fi ƙofar ɓoye daraja.

Takarda tana ɗaure hukuma ita ma

Kada wani ya zaci wannan magana kariya ce ga masu mulki. Kakanninmu sun sha wuyar lampo a zamanin Nasara, amma kowane magidanci ya san nawa ya biya, ya san a hannun wa ya sa. TVA kuwa haraji ne mai shiga jiki ba a ji ba. Matar da ta sayi sabulu, da ɗan kabu-kabun da ya sayi taya, da wanda ya sa kati a wayarsa, duk suna biya, da yawansu kuma suna cewa su ba su taɓa ba gwamnati kome ba. Wanda bai san ya biya ba, ba zai tambayi inda aka kai ba. Zai ga rijiya ko ɗakin shan magani ko aji na makaranta ya ɗauka kyauta ce daga wani babba, ya yi ta godiya a kan abin da kuɗinsa ne.

Mun ga abin da ke faruwa idan jama'a suka sani. A farkon shekarar 2005, lokacin mulkin Shugaba Tandja Mamadu, dokar kasafin kuɗi ta ɗora kashi 19 a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, da ruwan famfo da wutar lantarki, a shekarar da fari da fara suka riga suka cinye amfanin gona. A watan Maris jama'a suka fito, aka rufe kasuwanni da shaguna a Yamai da sauran manyan garuruwa. Cikin watan Afrilu gwamnati ta zauna da ƙungiyoyin farar hula, aka janye harajin daga madara da fulawa, aka sassauta na ruwa da wuta ga masu ƙaramin amfani. Abin da ya ba talaka bakin magana a lokacin shi ne ya san adadin, ya san a kan me aka ɗora shi.

Tarihin Musulunci ma ya nuna haka. Lokacin da Tatar suka doso Masar, kafin yaƙin Ainu Jaluta na shekarar 1260, Sarki Ƙuɗuz ya nemi a ɗora wa jama'a kuɗin yaƙi. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce ba za a taɓa dukiyar talakawa ba sai baitulmali ya ƙare, kuma sarakunan yaƙi sun sayar da kayan ƙawarsu sun daidaita da sauran mutane. Haƙƙin karɓa yana tafe da nauyin bayani. Idan hukuma ta wajabta wa ɗan kasuwa ya nuna wa mai saye kowace dala da ya karɓa da sunanta, to ita ma wajibi ne a kanta ta nuna wa jama'a inda dalar ta shiga. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wanda bai iya karatu ba fa?

Wani dattijo ya ce mana: "Ku kuna ta maganar takarda, ni kuwa ko an ba ni, baƙi ne kawai a kan fari, da Faransanci kuma." Wannan gaskiya ce mai ɗaci, domin da yawa daga cikin iyayenmu haka suke. Amsarmu ita ce, rashin karatun mai saye yana ƙara wa mai sayarwa nauyi ne. Ayar bashi da muka ambata ta kula da mai rauni da wanda ba ya iya shibta da kansa, ta sa waliyyinsa ya tsaya masa da adalci. Saboda haka mai kanti ya rubuta, sannan ya faɗa da baki cikin Hausa ko Zabarmanci ko harshen da mutumin ke ji: kuɗin kayanka kaza, na gwamnati kaza, duka kaza. Wannan ba ya cin minti ɗaya. Takardar kuma a ba shi ko da ba ya karantawa, domin yana da ɗa ko jika ɗan makaranta a gida, kuma ranar gardama takarda tana magana a madadin wanda ba shi da baki.

Namu laifin, mu masu saye

Ba za mu ɗora kaya duka a kan ƴan kasuwa ba. Sau da yawa mai saye ne ke fara cewa a bar takarda. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato ɗan aiken da ke cewa mai kanti: "Rubuta mini jika 150," alhali jika 120 ya biya, domin ya kai wa maigidansa ko ma'aikatarsa ko ƙungiyarsa ya ci bambancin. Wannan takarda shaidar zur ce da aka sa wa tambari, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta nanata gargaɗi a kansu. Mai rubutawa da mai karɓa duka sun yi tarayya. Haka nan mai sayar da faktir ta bogi ga wanda bai sayi kome ba. Muna jan hankalin ma'ajin masallatai, da na makarantun Islamiyya, da masu riƙe da dukiyar marayu, da wakilan da ƴan'uwa mazauna ƙasashen waje ke aiko wa kuɗin gini, cewa su ne suka fi kowa buƙatar takarda ta gaskiya. Tana kare dukiyar da aka ba su, tana kuma kare mutuncinsu daga zato.

Abin da muka yanke

Da gari ya waye wakilanmu suka koma, suka biya jika 595, suka karɓo faktir mai ɗauke da kome a rarrabe. Kuɗin ƙusa da na masu aiki suka gaza, aikin ya tsaya mako biyu har aka sake neman taimako. Ranar Juma'a liman ya karanta wa jama'a lissafin, aka manna takardar a ƙofar masallaci. Ɗan'uwanmu da ya so a bar takarda har yanzu yana ganin an yi asarar jika 95, kuma ba mu zarge shi da kome ba, domin tausayin masu karo-karo ne ya sa shi faɗin haka. Sai dai mun ga tsofaffi suna tsayawa a ƙofar suna sa yara su karanta masu, mun kuma ji wani yana tambaya, a karo na farko, ina gwamnati ke kai irin wannan kuɗi.

Nasiharmu ga ɗan'uwa mai kanti ita ce: in doka ta sa ka karɓi TVA, ka rubuta ta a layinta, ka faɗe ta da baki, ka ware ta daga jarinka tun ranar da ta shigo, ka kai ta a kan lokaci. In ba ka cikin masu karɓa, kada sunanta ya fito daga bakinka don ka ƙara farashi. Ka faɗi ribarka da sunan riba, domin riba halal ce, ba ta buƙatar a sa mata rigar wani. Ga ɗan'uwa mai saye: ka nemi takardarka ba tare da jin kunya ba, ka duba ta, kada ka roƙi a rubuta maka abin da ba ka biya ba. Ga ma'aikatan haraji: ku ji tsoron Allah, ku sauƙaƙa wa mai gaskiya hanya, kada ku mai da bincike abin neman na goro. Ga malamai da limamai: a riƙa karantar da babin ciniki kamar yadda ake karantar da babin tsarki, domin mutum yana yin alwala sau biyar a yini, amma yana iya yin ciniki sau hamsin.

Dukanmu mun yi imani da ranar da za a miƙa wa kowa takardarsa, wadda ba ta barin ƙarami ko babba, kuma babu mai ce mana a ranar "da takarda ko ba takarda." Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna kuma maraba da gyaran malamai. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin amana, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Allah ne Mafi sani.